Tagwayen da ake haifa a manne: a gyara hanyar da ke kai su ɗakin tiyata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na daɗe ina juya shi a raina, wato batun tagwayen da ake haifa a manne da juna da kuma tiyatar da ake yi domin raba su. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, a nan Zariya nake zaune, kuma mafi yawan shekarun aikina tsakanin ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata na yi su. Ba likita ba ce ni, ban taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba, amma na daɗe ina miƙa ta ga masu riƙe ta, na kuma ga abin da ke faruwa da mace tun daga lokacin da aka sauko da ita daga mota a ƙofar asibiti har zuwa ranar da aka sallame ta, ko aka sallami gawarta.

A ranar 29 ga Fabrairun 2024 likitoci a birnin Riyad na ƙasar Saudiyya suka raba wasu 'yan biyu 'yan Najeriya, Hassana da Husaina, waɗanda aka haifa a manne ta ƙasan ciki da ƙugu da ƙarshen ƙashin baya. An yi aikin a asibitin yara na Sarki Abdullah ƙarƙashin jagorancin Dakta Abdullah Al-Rabi'a, ya kuma ɗauki sama da awa 16. Na ga yadda mutanenmu suka yi ta murna, ana ta tura hotunan daga waya zuwa waya, ana sa wa mahukuntan Saudiyya albarka, kuma sun cancanci albarkar, domin tun 1990 suke da shiri na musamman na ɗaukar nauyin irin waɗannan yara daga ƙasashe daban-daban. Ni ma na yi murna. Sai dai a duk lokacin da irin wannan labari ya fito, abin da ke faɗo mini a rai shi ne sauran tagwayen da ba su kai ko'ina ba, waɗanda suka mutu a cikin uwa, ko a kan tabarma a wani ƙauye, ko a bayan mota a kan hanyar asibiti, babu wanda ya ji labarinsu. Abin da nake so in jawo hankalin masu karatu da hukumomi a kai shi ne, ran waɗannan yara da na iyayensu mata ya fi rataya a kan abin da aka yi ko aka kasa yi watanni kafin ranar tiyata, kuma a nan ne muke da babban giɓi.

Ya kamata in fara da bayanin yadda abin yake faruwa, saboda har yanzu akwai masu danganta shi da aikin iska ko sammu ko wani laifi da uwa ta aikata. 'Yan biyu iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fito daga ƙwai biyu daban, su ne za ka ga namiji da mace, ko kuma ba su yi kama sosai ba. Akwai kuma waɗanda ƙwai ɗaya ne ya rabu gida biyu bayan ciki ya shiga, su ne masu kamar da ba a iya bambancewa. Bayanin da ya fi rinjaye a wurin masana shi ne, idan wannan rabuwa ta yi jinkiri har ta wuce kwana goma sha uku ko kusa da haka, to ba ta kammaluwa, sai 'ya'yan su ci gaba da girma suna haɗe ta wani sashe na jiki. Shi ya sa tagwayen da ke manne kullum jinsinsu ɗaya ne, ko maza biyu ko mata biyu, kuma mabiyiya ɗaya suke da ita. Wannan duk yana faruwa ne a makonnin farko, tun kafin mace ta tabbatar ma tana da juna biyu, saboda haka babu wani abinci da ta ci, ko wani wuri da ta bi da magariba, ko wani abu da ta kalla, da za a ce shi ya jawo. Abin ba shi da yawa: ana ƙiyasta cewa yana faruwa sau ɗaya a cikin haihuwa 50,000 zuwa 200,000. Kusan rabinsu a mace ake haifar su, da yawa daga cikin waɗanda suka zo da rai kuma ba su wuce kwana ɗaya, sannan mata sun fi maza yawa a cikin masu rayuwa, kimanin uku cikin huɗu. Haɗuwa ta ƙirji da ta ciki su suka fi yawa, akwai ta ƙugu da ta gadon baya, ta kai kuwa ita ce ba a cika gani ba.

Sau ɗaya na ga irin wannan haihuwa da idona, kuma har gobe ban manta ba. Wani dare ne da damina aka kawo mana wata yarinya, haihuwarta ta biyu, daga wani ƙauye mai nisa, a bayan a-kori-kura, tare da uwar mijinta da wata tsohuwar ungozoma. Kwana biyu tana kan gwiwa. Kan ɗa ya fito, sauran jiki ya ƙi biyowa, an ba ta rubutu, an ba ta jiƙe-jiƙe, an danna cikin, an ja, duk a banza. Ungozomar nan ba jahila ba ce, ta karɓi haihuwa fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, amma abin da ke cikin nan ya fi ƙarfin hannun kowace ungozoma a duniya. Da aka shiga da ita tiyata aka tarar da 'yan mata biyu haɗe ta ƙirji, duka sun riga sun rasu. Uwar ta rayu da ƙyar bayan an yi mata ƙarin jini, amma ta bar asibiti da yoyon fitsari, saboda daɗewar da kan ɗa ya yi yana matse mafitsara. Da ta farfaɗo na tambaye ta ko ta taɓa zuwa awo, ta ce sau ɗaya ta je wani ƙaramin asibiti, aka taɓa cikin aka ce mata da alama 'yan biyu ne, aka ba ta maganin ƙarin jini ta koma gida. Ba a ce mata ta je ta yi hoton ciki ba, ba a kuma gargaɗe ta cewa cikin 'yan biyu ba a gida ake haifar sa ba. Mai yiwuwa ko da an gano da wuri yaran ba za su rayu ba, domin haɗuwar ƙirji tana da wuyar sha'ani. Amma da uwar ta tsira da lafiyarta, da ba ta koma ƙauye ana ƙyamar zama kusa da ita ba.

Na'urar hoton ciki, wadda mata ke kira sikanin, tana iya nuna cewa tagwaye a manne suke tun ciki yana wata uku, idan mai duba hoton ya san aikinsa, kuma a wata na biyar ana iya ganin gaɓoɓin da suka yi tarayya a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, kuma a yi mata hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24. A cikin garin Zariya, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari zuwa Samaru, wuraren yin sikanin ba su da wuyar samu. Amma a fita ƙauyukan Giwa ko Soba ko Kubau ko Ikara a tambayi mata nawa ne suka taɓa kwanciya a gaban wannan na'ura. Kuma ko a birni, abin da yawancin mata ke zuwa nema shi ne a faɗa musu namiji ne ko mace, mai na'urar ma sau da yawa iyakar abin da yake dubawa ke nan, ya karɓi kuɗinsa ya kira ta gaba. Idan an gano da wuri, komai yana canjawa: za a tura matar babban asibiti, a sa ranar da za a ciro yaran ta hanyar tiyata kafin naƙuda ta taso, a tanadi jini, a tanadi kwalabar jarirai da iskar oksijin, likitocin yara su tsaya a wurin suna jira. Iyaye kuma su samu lokacin shirya zuciyarsu, maimakon su ga abin da ba su taɓa zato ba rana tsaka.

Ita kanta tiyatar rabawa, mutane suna ɗaukar ta kamar a sa wuƙa a tsaga tsakani ne a ɗinke. Da haka ne da an huta. Sai dai in larura ta tilasta, misali ɗaya ya mutu ko yana gab da mutuwa zai ja ɗan'uwansa, likitoci ba sa gaggawar rabawa, domin tiyatar gaggawa a kan jariran kwana biyu ba ta cika yin kyau ba. Ana jira watanni, wani lokaci fiye da shekara, yaran su yi ƙwari su ƙara nauyi. A cikin wannan lokaci ake ɗaukar hotuna iri-iri na cikin jiki domin a san takamaimai me suka haɗa: hanta ɗaya ce ko biyu da suka manne, kowa yana da matsarmamarsa ko kuwa, hanjinsu ya haɗu a wani wuri ko kowa da nasa, ƙoda nawa ne, mafitsara nawa, jijiyoyin jini daga ina suka taso suka nufi ina. A manyan cibiyoyi har siffar jikin yaran ake ƙerawa da roba, likitoci su yi ta gwaji a kanta. Akwai kuma matsalar da wanda bai shiga ɗakin tiyata ba ba zai yi tunaninta ba, ita ce ta fata. Idan an raba jiki biyu, kowane yaro zai kasance da babban rami a buɗe, kuma fatar da ke akwai ba za ta isa ta rufe su duka ba. Saboda haka tun makonni kafin aikin ake cusa wasu 'yan jakunkuna kamar balan-balan a ƙarƙashin fata, ana ɗura musu ruwan gishiri kaɗan-kaɗan, fatar tana miƙewa tana ƙaruwa, har a samu abin rufi.

Ranar aiki kuwa, komai biyu ake tanada. Likitocin sa barci kashi biyu ne, kowane kashi da yaronsa, haka ma'aikatan jinya, haka na'urori, haka gadon tiyata, domin da zarar an raba su kowane yaro za a ɗauke shi zuwa nasa gadon a ci gaba da gyara. Ana sa wa kowane yaro da kayansa alama mai launi daban, wannan ja, wancan shuɗi, har robar ƙarin ruwa da sirinji, don kada a rikice a ba wannan maganin wancan. Tun da jininsu yana ratsawa daga ɗaya zuwa ɗaya, maganin barcin da aka ba ɗaya yana iya isa ga ɗan'uwansa, dole a yi lissafinsa da taka-tsantsan. Zubar jini shi ne babban abin tsoro, domin jariri ɗan jinin da ke jikinsa kaɗan ne, abin da babba zai zubar bai ji komai ba ya isa ya kashe shi. Hanta tana da wata baiwa da Allah ya yi mata, in an yanke wani sashe nata tana sake tofowa, shi ya sa masu haɗuwa ta ciki da hanta suka fi kowa samun nasara. Duk wannan yana buƙatar wutar lantarki da ba ta ƙiftawa na tsawon yini da dare, da ma'ajiyar jini mai cike, da ɗakin kulawa ta musamman da za a kwantar da yaran bayan an fito. Wanda ya taɓa riƙe tocila a ɗakin tiyata ana jiran a ta da janareta ya san abin da nake nufi.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata jaridu su riƙa faɗa, ko da ba ta da daɗin ji: ba duk tagwaye ne ake iya rabawa ba, kuma ba duk rabawa ce ke ƙarewa da murna ba. Idan zuciya ɗaya ce tak suke amfani da ita, da wuya ƙwarai a samu ko da ɗaya ya rayu. Mutane da yawa sun san sunan Dakta Ben Carson saboda aikin da ya jagoranta a 1987 a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, inda aka raba wasu yara Jamusawa biyu da ke haɗe ta ƙeya, aikin da ya ɗauki awa 22 da ma'aikata 70. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yaran sun rayu amma duka biyun sun samu mummunar naƙasa a ƙwaƙwalwa. A 2003 kuma wasu mata 'yan Iran, Ladan da Laleh Bijani, masu shekara 29, waɗanda ke haɗe ta kai, su da kansu suka nemi a raba su bayan an bayyana musu haɗarin, aka yi aikin a Singafo, duka biyun suka rasu saboda zubar jini. A gefe guda, Chang da Eng, waɗanda aka haifa a ƙasar Siyam, Tailan ta yau, a 1811, ba a taɓa raba su ba, suka zauna a Amurka, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya 21 a tsakaninsu, suka rasu rana ɗaya a 1874. Likitocin yau suna ganin da a wannan zamani ne da raba su ba zai yi wuya ba. Na kawo waɗannan misalai ne domin iyaye su san cewa likitan da ya ce musu a dakata, ko ya ce ba za a iya ba, ba lallai ne mugunta ko kasawa ta sa shi ba.

Mafi nauyin hukunci shi ne inda aka tabbatar cewa in an bar su duka za su mutu, in kuma an raba su ɗaya zai rayu ɗaya ya mutu a take. Wannan ya faru a Ingila a shekarar 2000, da wasu jarirai mata da iyayensu suka zo da cikinsu daga tsibirin Gozo na ƙasar Malta aka haife su a Manchesta. Ɗayar ba ta da zuciya da huhu masu aiki, da na 'yar'uwarta take rayuwa. Iyayen, mabiya ɗariƙar Katolika, suka ƙi yarda a yi aikin, magana ta kai kotun ɗaukaka ƙara, kotu ta ba likitoci izini, aka raba su, mai ƙarfin ta rayu, ɗayar ta rasu. Ina tambayar kaina, in irin wannan ta faru a asibitin koyarwa na Shika, nan kusa da Zariya, gobe, wa zai zauna da uban yaran ya yi masa bayani, kuma da wane harshe? Zazzau gari ne na malamai, kuma fikihu bai rasa abin faɗa a nan ba, domin ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu sananniya ce, haka nan aya ta 32 ta Suratul Ma'ida a kan girman ceton rai. Abin da ya rage shi ne malamai da limaman coci da likitoci da lauyoyi su zauna tun babu majinyaci a gabansu, su fahimci juna, likita ya bayyana wa malami abin da hoton ciki yake nunawa, malami ya bayyana wa likita iyakar da shari'a ta gindaya. Ba a tsakar dare, uwa tana kuka, ya kamata a fara neman lambar wayar malami ba.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muke ɗauka cewa wannan aiki sai an ƙetare teku. Rahoton farko da aka rubuta na raba irin waɗannan tagwaye a Najeriya daga Sakkwato ya fito, a 1936. A 1953 an haifi wasu 'yan mata biyu a manne a Kano, aka kai su Landan, Farfesa Ian Aird ya raba su a asibitin Hammersmith a watan Disamba na wannan shekara, ɗaya ta rayu. A 1980 wasu likitocin tiyata biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, Mabogunje da Lawrie, suka tattara bayanan tagwayen da aka haifa a manne a Afirka ta Yamma daga 1936 zuwa 1978 suka wallafa a wata mujallar likitoci ta Ingila, wato tun ana asibitin a Tudun Wada, kafin a koma Shika, likitocinmu suke nazarin wannan al'amari. A watan Nuwamban 2019 kuma, a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ma'aikata 78 suka shafe kimanin awa 13 suka raba Goodness da Mercy, waɗanda ke haɗe ta ƙirji da ciki, duka biyun suka rayu. Wanda ya jagoranci aikin, Farfesa Emmanuel Ameh, ya daɗe yana aiki da koyarwa a nan Zariya kafin ya koma Abuja. A Yola ma, ƙarƙashin Farfesa Auwal Abubakar, an yi irin wannan aiki cikin nasara ba sau ɗaya ba. Ke nan hannun da zai yi aikin muna da shi, wani ma a nan aka rene shi. Gaskiya ne akwai nau'in da ya fi ƙarfin kayan aikinmu, musamman haɗuwar kai, irin ta Safa da Marwa 'yan Pakistan da aka raba a asibitin Great Ormond Street na Landan a 2019 bayan manyan tiyata uku, kuma babu abin kunya a tura irin wannan waje. Amma tura kowane yaro waje, ko zaman jiran wata ƙasa ta ji tausayinmu, ba tsari ba ne.

Abin da ke karya iyaye shi ne kuɗi. Manomi ko ɗan acaɓa da aka haifa masa irin waɗannan yara zai bar sana'arsa ya tare a asibiti wata da watanni, ga kuɗin hoto, ga na gwajin jini, ga madara, ga abincin mai jinya, ga sauran yara a gida. Daga nan sai a fara abin da muka saba: a ɗauki hoton jariran tsirara a watsa a Facebook da WhatsApp tare da lambar asusun banki, a yi ta kiran gwamna da matar gwamna da sanata da attajirai. In an yi sa'a wani ya gani ya ɗauki nauyi, a zo da 'yan jarida a ɗauki hoto. In ba a yi sa'a ba, yaran su mutu ana cikin tara kuɗin. Dama a ƙasar Hausa muna da al'adar girmama 'yan biyu, muna kiran su Hassan da Husaini, wanda ya biyo bayansu mu kira shi Gambo, kamar yadda Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka sa wa asibitin Ƙofar Gayan sunanta, ta samo nata sunan. Amma muna da wata al'adar marar kyau ta fita bara da 'yan biyu, kuma wannan roƙo na intanet ɗan'uwanta ne, sai dai ya fi ta tonon silili, domin hoton da aka watsa ba ya goguwa, yarinya za ta girma ta tarar da tsiraicinta a wayar mutane.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu na musamman domin marasa galihu, Jihar Kaduna ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Ban ga wanda ya fi jaririn da aka haifa a manne a gidan talaka cancantar a kira shi marar galihu ba. Kuma tun da a shekara ba su da yawa, ɗaukar nauyinsu gaba ɗaya ba zai girgiza kasafin kuɗin kowace jiha ba. Abin da nake roƙo shi ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ware asibitoci biyu ko uku a faɗin ƙasar nan ta ce su ne cibiyoyin wannan aiki, ta zuba musu kaya da kuɗi, domin irin wannan tiyata ƙwarewa a kanta tana zuwa ne da maimaitawa, in aka warwatsa ta kowane asibiti ya yi sau ɗaya a shekara goma babu wanda zai goge. Ina ganin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya cancanci zama ɗaya daga ciki, saboda tarihinsa da kuma matsayinsa a kan hanyar da ta haɗa Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato. Sannan kowace ungozoma da kowane ma'aikacin ƙaramin asibiti ya san lambar da zai kira da inda zai tura, a kuma samu motar ɗaukar marasa lafiya mai ɗumi da oksijin, domin sanyi da cutar cibiya da yunwa suna kashe waɗannan jarirai a hanya tun kafin likitan tiyata ya sa su a ido.

Bayan an yi aikin ma ba a gama ba, ko da yake a nan ne kyamarori ke tattara kayansu su tafi. Yaron da aka raba ta ƙugu yana iya buƙatar ƙarin tiyata sau da yawa, wani zai daɗe yana bayan gida ta wata kafa da aka buɗe masa a ciki, wani sai an yi masa ƙafar roba ana canja ta yayin da yake girma, kusan dukansu kuma sai an daɗe ana yi musu gashi kafin su iya zama da tafiya. Wanda aka yi wa aiki a Riyad ko Landan, a gida zai yi wannan doguwar jinya, kuma in babu likitan da aka damƙa wa takardunsa a nan, wahalar da aka sha a can tana iya tashi a banza. Ina roƙon jaridarku, Malam Edita, idan kun ba da labarin nasarar tiyata, ku koma bayan shekara ɗaya ko biyu ku binciko halin da yaran suke ciki, da izinin iyayensu, ba tare da nuna tsiraicinsu ba.

A 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 24 ga Nuwamba ta kowace shekara a matsayin ranar tagwayen da ke manne, bisa shawarar Saudiyya. Ina ba Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da Masarautar Zazzau shawarar su yi amfani da wannan rana ta hanyar da za ta amfani mutanen karkara: a fita da na'urorin sikanin na tafi-da-gidanka zuwa ƙananan asibitocin gundumomi a duba masu ciki kyauta, hakimai da dagatai da masu unguwanni su yi shela tun mako guda kafin ranar, limamai su faɗa a huɗubar Juma'a cewa maigida ya bar matarsa ta je awo kuma ya ba ta kuɗin mota, duk wadda aka ga tana ɗauke da 'yan biyu kuma a rubuta sunanta a bi ta har ta sauka a asibiti. Mu da muka yi ritaya muna nan da yawa a Zariya, kuma in an kira mu za mu fito.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.